Ruwan Ɗufana a Ma'aunin Kimiyya da na Harshe

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami labarin da ya ratsa addinai da al'ummu kamar labarin ruwan Ɗufana. Musulmi da Kirista da Bayahude duk sun yarda cewa an yi wani gagarumin ruwa a zamanin Annabi Nuhu (AS), wanda ya halaka mutanen da suka bijire, aka tsirar da shi da waɗanda suka shiga jirgi tare da shi. Inda ake ja-in-ja shi ne faɗin ruwan. Shin ya rufe doron ƙasa ne baki ɗaya har ƙololuwar duwatsu, ko kuwa ya tsaya a yankin da mutanen suke zaune? Masana a Turai sun fi shekara 300 suna tafka muhawara a kan wannan tambaya, kuma malaman Musulunci sun riga su taɓo ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna hujjojin da ɓangarorin biyu suke kafawa. Ya kamata a faɗa tun farko cewa kimiyya ba ta da mudun da za ta auna wahayi ko mu'ujiza da shi. Abin da take iya aunawa shi ne sawu, domin ruwa ba ya wucewa bai bar alama ba. Duk wanda ya ce ruwa ya lulluɓe duniya a lokaci guda, a zamanin da akwai mutane a cikinta, ya faɗi maganar da laka da ƙanƙara da itatuwa da harsunan mutane za su iya gaskatawa ko su ƙaryata. Matsayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, waɗannan shaidu sun kore ruwan da ya game duniya, sun kuma tabbatar da manyan ambaliyoyi na yanki, sa'annan wani babban kaso na rikicin yana komawa ga yadda aka fahimci kalma ɗaya tak, wato "ƙasa".

2.0 Kalmar da Labarin

Kalmar "Ɗufana" aro ce daga Larabci, "ṭūfān". Harafin farkonta, wanda almajirai suke kira ɗa-mai-hannu, yakan zama /ɗ/ a Hausa, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da shaiɗan, wani lokaci kuma ya zama /ts/ kamar a tsubbu. Shi ya sa ake jin "Tsufana" ma, musamman a rubuce-rubucen Kirista na Hausa. Bahaushe yana da ambaliya da rigyawa don ruwan da ya saba gani, sai ya keɓe kalmar aron ga ruwan Annabi Nuhu kaɗai. A Larabcin Alƙur'ani kuwa ba a keɓe ta haka ba. Sau biyu ta zo, ɗaya a Suratul Ankabut game da mutanen Nuhu, ɗaya a Suratul A'araf cikin jerin bala'o'in da aka saukar wa mutanen Fir'auna, kuma babu mai cewa wannan na biyun ya wuce Masar.

Littattafan biyu ba su ba da bayani daidai da juna ba. Alƙur'ani ya kawo ƙissar a surori da dama, kamar Hud da Nuh da Muminun da Ƙamar, amma bai faɗi shekarar da abin ya auku ba, bai faɗi girman jirgin ba, bai kuma ƙayyade yawan waɗanda suka tsira ba, illa dai cewa kaɗan ne. Littafin Farawa, babi na 6 zuwa na 9, shi ne ya zo da alƙaluma: jirgi mai tsawon kamu 300, faɗi 50, tsayi 30, mutum 8, ruwan sama na kwana 40, ruwa kwance kwana 150, ya kuma haura duwatsu da kamu 15. A kan jerin shekarun zuriya da ke littafin ne Babban Bishop James Ussher na Ailan ya gina lissafinsa a 1650, wanda ya sa ruwan a wajen 2348 kafin Miladiyya (K.M.). Tsohuwar fassarar littafin ta Girkanci tana da alƙaluman da suka tura shekarar baya da ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma riwaya ta uku wadda ta kwana a ƙarƙashin ƙasa sama da shekara 2,000. A watan Disamba na 1872 George Smith, ma'aikaci a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, ya sanar da cewa ya karanto labarin wani babban ruwa a jikin allon yumɓu da aka tono daga ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Nineba. Allo na 11 ne na labarin Gilgamesh. A cikinsa an gargaɗi wani mutum mai suna Utnapishtim, ya gina jirgi ya shafe shi da kwalta, ya ɗebi iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya saki tsuntsaye don ya gane ko ruwa ya janye. Daga baya aka samo riwayoyin da suka girme ta: ta Atrahasis, wadda aka kwafa a ƙarni na 17 K.M., da ta Sumeriyawa, wadda gwarzonta Ziusudra yake sarautar birnin Shuruppak. Jerin sarakunan Sumer ma ya raba tarihi gida biyu, kafin ruwan da bayansa.

3.0 Hujjojin Masu Cewa Ruwan ya Game Duniya

3.1 Yawan labarai

Hujjar da aka fi ambata ita ce, akwai labarin babban ruwa a ɗaruruwan al'ummu. Girkawa suna da Deucalion, Indiyawa suna da Manu da kifin da ya gargaɗe shi, 'yan asalin nahiyar Amurka suna da nasu masu yawa. Sai a ce ba za a yi wannan dacewa ba sai in abu ɗaya kowa yake tunawa.

Mai nazarin adabin baka ya san cewa yawan riwaya bai isa ba, sai an bi sawun kowace. Da aka bi, sai tarin ya rabu. Wasu riwayoyin reshe ne daga tushen Iraƙi, sun bi fatake da littattafai. Wasu an rubuta su ne daga bakin mutanen da suka riga suka ji wa'azin 'yan mishan, don haka jirgi da kurciya da bakan gizo da ke cikinsu ba abin mamaki ba ne. Wasu kuma ba labarin ambaliya ba ne sam. Riwayar Yarabawa da ke cewa ruwa ne ko'ina a farkon halitta, har aka sauko da sarƙa aka zuba ƙasa kaza ta baza ta, labarin asalin duniya ne, ba na halaka ta ba. Na Sin, wato na Yu, labarin jan ruwa ne da haƙa magudanai na tsawon shekaru, babu jirgi a cikinsa. Daɗin daɗawa, akwai giɓi a taswirar. James Frazer, wanda ya tattara irin waɗannan labarai a 1918, ya lura cewa da ƙyar ake samunsu a Afirka, har da Masar. Tun kusan shekara ta 1000 Miladiyya al-Biruni ya rubuta cewa Farisawa da yawa suna musun ruwan gaba ɗaya, wasunsu suna cewa a Sham da yamma ya tsaya, haka kuma Indiyawa da Sinawa ba su san shi ba. Abin da yawan labaran ya nuna a fili shi ne cewa ɗan Adam yana son zama a bakin kogi, kogi kuwa yakan yi ambaliya.

3.2 Bawon teku a kan tudu

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a ido. Ana samun bawon dodon-koɗi na teku da ƙasusuwan kifi da suka zama dutse a wuraren da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, har a ƙololuwar dutsen Everest. Ba sai an je nesa ba. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Ewekoro ta Ogun cike yake da halittun teku, kuma a yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku wanda masana suka raɗa wa suna da sunan garin. A 1695 John Woodward na Ingila ya ce duk irin waɗannan ragowar Ɗufana ce. A 1726 Johann Scheuchzer na Suwizalan ya nuna wani ƙwarangwal ya ce na mutumin da ya ga ruwan da idonsa ne. Georges Cuvier ya duba shi a 1811, ya nuna cewa wata ƙatuwar halittar ruwa ce mai siffar ƙadangare, dangin kwaɗo.

Lallai teku ya taɓa kwanciya a waɗannan wurare, amma ba lokaci guda ba, ba kuma na wata biyar ba. Dutsen Ashaka yana da kimanin shekara miliyan 90, na Kalambaina bai kai haka ba, yana wajen miliyan 55 zuwa 60, na kan Everest kuwa ya haura miliyan 400, kuma karon da yankin Indiya ya yi da Asiya ne ya ɗaga shi sama. Leonardo da Vinci ya riga ya gane matsalar tun kusan shekara ta 1500. Ya ga bawon a jere yake hawa-hawa, manya da ƙanana, wasu ma ɓangarorinsu biyu suna haɗe kamar yadda suke a raye, alhali ruwa mai ƙarfi farfasa su zai yi ya cakuɗa. Ibn Sina ma, a cikin Kitab al-Shifa, ya danganta duwatsu da lakar teku da ta daskare a tsawon zamunna masu nisa.

Abin sha'awa a tarihin wannan hujja shi ne, malaman coci ne suka rushe ta da hannunsu. William Buckland na Jami'ar Oxford ya wallafa littafi a 1823 yana cewa tsakuwa da manyan duwatsun da ke warwatse a Ingila sawun Ɗufana ne. Adam Sedgwick na Cambridge ya bi shi a kai. Da bincike ya yi nisa aka ga tsakuwar ba ta zamani ɗaya ba ce, kuma babu ƙashin mutum a cikinta, sai Sedgwick ya tashi gaban ƙungiyar masana ƙasa ta Landan a 1831 ya janye maganarsa. Buckland ya bi bayansa a 1836, daga baya kuma ya karɓi bayanin Louis Agassiz cewa tudun ƙanƙara ne ya ja duwatsun. Ra'ayin ya sake farfaɗowa a Amurka da littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961, kuma daga can ne yawancin ƙasidun da ke kare shi a yau suke ɗiba, ko da kuwa a wane addini aka sake rubuta su.

3.3 Lakar Ur

A 1929 Leonard Woolley yana tono a tsohon birnin Ur, kudancin Iraƙi, sai ya tarar da shimfiɗar laka zalla mai kaurin kusan mita 3, da ragowar gidaje da tukwane a samanta da kuma ƙarƙashinta. Ya aika wa duniya cewa ya gano Ɗufana. Ba a jima ba masu tono a Kish suka ce su ma sun ga tasu, a 1931 kuma aka sami wata a Shuruppak, garin Ziusudra. Da aka jera su sai aka ga ba su yi zamani ɗaya ba. Ta Ur ta girmi 3500 K.M., ta Shuruppak tana wajen 2900 K.M., Kish kuma tana da fiye da ɗaya. A Ur ɗin ma ba a kowane rami aka ga lakar ba, kuma a Eridu, wadda take kusa da ita, babu alamarta. Woolley kansa bai ce ruwan ya game duniya ba, cewa ya yi ya rufe kwarin kogunan biyu. Max Mallowan, wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa, ya sake nazarin batun a 1964 ya karkata ga ambaliyar Shuruppak a matsayin wadda ta fi dacewa da labarin Sumeriyawa.

Su kuwa masu neman jirgin kansa ba su dawo da abin kirki ba. Katakon da Fernand Navarra ya ce ya ciro daga dutsen Ararat a 1955, da aka auna shekarunsa sai aka ga bai kai zamanin Annabi Isa (AS) ba ma. Tudun nan mai siffar jirgi da aka hango a hoton sama a gabashin Turkiyya a 1959, da aka tona shi a 1960, ƙasa da duwatsu aka tarar.

4.0 Abin da Ƙasa ta Ajiye

Matsala ta farko ta lissafi ce. Dukkan ruwan da ke duniya, na teku da na ƙanƙara da na ƙarƙashin ƙasa, bai wuce kimanin kilomita murabba'i mai zurfi miliyan 1,386 ba. Kafin a rufe Everest, mai tsayin mita 8,849, ana buƙatar ƙarin da ya ninka wannan fiye da sau uku. In duk tururin da ke sararin sama ya zubo lokaci guda, zurfinsa a doron ƙasa bai wuce santimita 2.5 ba. In duk ƙanƙarar duniya ta narke, teku zai tashi da kimanin mita 70. In kuwa a kwana 40 za a cika, to sai ruwa ya riƙa hawa mita 9 a kowace awa, alhali daminar Kano gaba ɗayanta a yawancin shekaru tana kusa da mita ɗaya ne. Masu bin Whitcomb da Morris sukan amsa da cewa duwatsun ba su da tsayi kafin ruwan, a cikinsa ne suka tashi, tekuna suka zurfafa. Wannan amsa ta toshe rami da haƙa wani, domin zafin da zai fito daga motsa nahiyoyi cikin shekara guda ya isa ya tafasa tekunan.

Ana iya cewa ikon Allah ya fi lissafi, ya kawo ruwan ya kuma ɗauke. Babu mai imani da zai musa. Amma sai tambayar sawu ta dawo, kuma a nan ne shaida ta fi nauyi, domin ƙasa tana da littattafan ajiya da ake buɗe wa shafi ɗaya kowace shekara. Itace yana ƙara zobe ɗaya a shekara. Ta hanyar haɗa zoben itatuwa masu rai da na tsofaffin gungume, masana a Jamus sun gina jeri marar yankewa na fiye da shekara 12,000. A tafkin Suigetsu na Japan laka tana kwanciya falle fari da baƙi kowace shekara, an ƙirga dubbai masu yawa, ba tare da wani falle na bala'i ya katse su ba. A Girinlan an ƙirga fallayen ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya har 60,000, a Antatika kuma an haƙo ƙanƙarar da ta kai shekara 800,000 zuwa sama. Ƙanƙara tasowa take yi a kan ruwa. Da teku ya rufe waɗannan wurare, da ya ɗaga ta ya farfasa.

Fallayen duwatsu ma, waɗanda ake cewa ruwan ne ya shimfiɗa su cikin shekara ɗaya, suna ɗauke da abubuwan da ba sa samuwa a ƙarƙashin ruwa: tsagewar laka da rana ta busar, sawun dabbobi, sheƙa da ƙwai, ramukan ƙwari, saiwoyin itatuwa a inda suka tsiro, da tudun yashin hamada. A ƙarƙashin Bahar Rum akwai gishiri mai kaurin fiye da kilomita guda a wasu wurare, gishiri kuwa sai ruwa ya ƙafe yake kwanciya.

Halittu masu rai suna ba da shaida iri ɗaya. Da dukkan dabbobin tudu sun fito daga jirgi ɗaya a yammacin Asiya, da an ga ragowar dabbobi masu jaka a ciki irin na Ostireliya a kan hanya, da kuma ƙwayoyin gado na kowane jinsi sun nuna ƙuntatar da ke biyo bayan raguwa zuwa biyu ko bakwai, duk a lokaci guda. Ana iya gane irin wannan ƙuntata, an gane ta a jikin rabbi, wato damisar nan mai gudu, amma ba a same ta a sauran dabbobi baki ɗaya ba. A jikin ɗan Adam kuwa, bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa a Afirka, ya riƙa raguwa gwargwadon nisa daga gare ta.

Game da shekarar Ussher, maganar gajera ce. Babban dalar Giza ya riga ya shekara kusan 200 a tsaye a lokacin, kuma sarauta da rubutu da biyan haraji sun ci gaba a Masar ba tare da yankewa ba.

5.0 Shaidar Harsuna

Masana harshe suna da ruwa da tsaki a wannan batu fiye da yadda ake zato, domin sunayen 'ya'yan Nuhu sun daɗe a cikin littattafansu. A 1781 August Schlözer ya ƙirƙiri sunan dangin harsunan Samawa daga Sam, aka biyo da na Hamawa daga Ham, da na Kushawa daga Kush ɗan Ham. A 1912 Carl Meinhof ya jera Hausa da Fulfulde da Masai cikin harsunan Hamawa. Joseph Greenberg ne, a shekarun 1950, ya nuna cewa babu wani rukuni na Hamawa a mahangar harshe, ya kawo sunan Afro-Asiya, ya ba dangin Cadi, inda Hausa take, matsayin reshe mai zaman kansa, ya kuma mai da Fulfulde cikin dangin Neja-Kwango.

Abin da wannan dangi yake nunawa game da lokaci yana da muhimmanci. Harshen Masar na dā da Akadiyanci 'yan dangi ɗaya ne, kuma duka biyu suna rubuce kafin 2300 K.M., amma tun a lokacin sun yi nisan da mai jin wannan ba zai ji wancan ba. Sumeriyanci, maƙwabcin Akadiyanci, ba shi da dangi ko ɗaya da aka sani. A kwatanta da harsunan da suka fito daga Latin, waɗanda bayan kusan shekara 2,000 har yanzu ɗalibin shekarar farko yake gane 'yan uwantakarsu. Harsuna kusan 7,000 na duniya, fiye da 500 daga ciki a Nijeriya, ba su da alamar sun fito daga bakin gida ɗaya shekara 4,000 ko 5,000 da suka wuce. Littafin Farawa ya amsa wannan da ƙissar hasumiyar Babila, wadda mu'ujiza ce, don haka tana waje da abin da kwatancen harsuna yake iya aunawa.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata a nan. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tarar yana haƙa rijiya a 1987 a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, wanda masana daga Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi, yana da kimanin shekara 8,000 da tsawon mita 8.4. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin kamar Dufuna da Ɗufana ba. Kamannin sauti dai ba hujja ba ne, kuma kwalekwalen yana da bayaninsa: a wancan zamani tafkin Cadi ya kai faɗin kimanin kilomita murabba'i 350,000, tsohuwar gaɓarsa ita ce tudun yashin nan na Bama da ya ratsa ta Maiduguri.

6.0 Ambaliyar Yanki da Ma'anar "Ƙasa"

Kimiyyar ƙasa ba ta ƙin labarin bala'i in akwai sawu. J Harlen Bretz ya ce a 1923 wata muguwar ambaliya ce ta sassaƙe gabashin jihar Washington ta Amurka. An yi masa dariya shekaru da dama, amma da shaida ta taru aka yarda, aka ba shi babbar lambar yabo a 1979. Haka kuma an tabbatar cewa daga kimanin shekara 20,000 da suka wuce, da ƙanƙarar duniya ta fara narkewa, teku ya tashi da kusan mita 120. Tekun Fasha busasshen kwari ne a da, Dijla da Furatu suna ratsa shi, ruwa ya cika shi sannu a hankali har zuwa wajen shekara 6,000 da suka wuce. William Ryan da Walter Pitman sun kawo ra'ayi a 1997 cewa Bahar Rum ya fasa cikin Baƙin Teku a wajen 5600 K.M. ya kori mazauna gaɓarsa, sai dai binciken da ya biyo baya, musamman na 2009, ya rage girman abin ƙwarai, kuma babu igiyar da ta ɗaure shi da labarin Iraƙi. Ko baki zai iya riƙe irin wannan tuni? Patrick Nunn da Nicholas Reid sun nazarci labaran 'yan asalin Ostireliya daga wurare 21 a 2016, suka ce suna bayyana gaɓar teku kamar yadda take fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Ba kowa ya gamsu ba, amma magana ce da masu nazarin adabin baka ba za su kau da kai daga gare ta ba.

Kudancin Iraƙi shimfiɗe yake kamar tabarma. Bagadaza tana da nisan fiye da kilomita 500 daga teku, amma tsayinta a kansa bai kai mita 40 ba. Mutumin da ke tsaye a fili ba ya hangen abin da ya wuce kimanin kilomita 5. In kogunan biyu suka cika suka haɗe, wanda ke cikin jirgi ba zai ga komai ba sai ruwa ta kowace kusurwa, kuma in ya ce ƙasa duka ta nutse bai yi ƙarya ba.

A nan ne harshe ya shigo. Kalmar Ibrananci "erets" da ta Larabci "arḍ" tushensu ɗaya, kuma kowace tana ɗaukar ma'anar duniya, da yanki, da turɓayar da ake takawa, daidai da "ƙasa" ta Hausa, wadda ake cewa ƙasar Kano, ƙasa da sama, ɗebo ƙasa. A ƙissar Annabi Yusuf (AS), Littafin Farawa ya yi amfani da "erets" tare da kalmar "duka" wajen faɗin waɗanda suka zo Masar sayen hatsi, alhali babu mai cewa daga Sin aka zo. A Suratu Yusuf ma "arḍ" da aka danƙa masa taskokinta Masar ce. Ita kanta "duniya" Bahaushe yakan ce duniya ta taru a gidan biki. Fahimtar duniya a matsayin dunƙulen ƙwallo mai nahiyoyi bakwai mai karatu na yau ne yake shigo da ita cikin kalmar.

Wannan bai rufe ƙofa ba. Mafi yawan malaman tafsiri na farko, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun tafi a kan cewa ruwan ya game ƙasa, kuma siffar da Littafin Farawa ya ba shi, ta rufe dukkan manyan duwatsu, tana da wuyar taƙaitawa. Amma Muhammad Abduh, Muftin Masar, ya ba da fatawa, wadda Rashid Rida ya kawo a tafsirin al-Manar, cewa babu nassi yankakke a Alƙur'ani da ya tabbatar da gamewar ruwan. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa an aiko Nuhu ga mutanensa ne, kamar yadda aka aiko Hudu da Salihu da Luɗu, kuma azabar kowannensu ba ta wuce mutanensa ba.

Fahimtar yanki ita ma tana da nata ƙashin a wuya, wato inda jirgin ya tsaya. Ruwan kwarin Iraƙi kudu yake gangarawa zuwa teku, dutsen da ake kira Judi a yau kuwa yana arewa, kusa da garin Jaziratu Ibn Umar a kudu maso gabashin Turkiyya, tsayinsa ya haura mita 2,000. Ambaliyar kogi ba ta kai jirgi can. Ararat ya fi shi ma, mita 5,137. Sai dai a nan ma sunayen suna buƙatar bincike kafin a ɗora musu hukunci. Littafin Farawa jam'i ya yi amfani da shi, duwatsun Ararat, kuma Ararat sunan daula ne, wato Urartu, mai faɗin yanki. Liƙa sunan ga ƙololuwa ɗaya aikin ƙarnonin tsakiya ne. Kiristocin Suryani na farko dutsen Ƙardu suke nunawa, wanda shi ne Judin Turkiyya, har suka gina gidan ibada a kansa wanda tsawa ta ƙone a 766. Alƙur'ani ya ambaci sunan Judi bai faɗi inda yake ba, kuma Yaƙut al-Hamawi, a ƙamusunsa na garuruwa, ya kawo wani Judin dabam a duwatsun ƙabilar Ɗayyi, cikin tsibirin Larabawa.